Tawagar da Na Tura wa Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, kafin la'asar kuwa babu inda za ka jingine ko keke a layinsu na Grand Concourse da ke Bronx. Tasi ne ko ta ina, masu ruwan ɗorawa da koraye da baƙaƙe, wasu an jera su biyu-biyu a kan titi, fitilunsu na ta ƙiftawa. Maƙwabciyarsu ta hawa na uku, wata tsohuwa mai jin Sifaniyanci, ta tare ni a matakala tana tambaya ko direbobi yajin aiki suka shiga. Na ce mata a'a, dattijon sama ne Allah ya yi wa rasuwa. Ta dafa bango ta zauna a nan kan matakalar, ta ce shi ne yake kai ta wankin ƙoda duk ranar da ɗanta ya manta da ita. Mu 'yan gida ba mu taɓa jin wannan labari ba.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki, maza a falo har bakin ƙofa, mata a ɗakin Inna, matar Kawu. Kowa ya shigo da nasa labarin. Wani direba ɗan Maraɗi, ƙato mai gemu, yana magana yana share hawaye da hularsa: "Wallahi ranar da na hwara aiki, shi ya gwada mani inda za ni tsaya in yi alwala cikin Manhattan. Wuri bakwai ya gwada mani, har da halin mai gadin kowane." Falo ya ɗauka da haka ne, haka ne. Ashe duk sabon direban da ya faɗo hannun Kawu sai ya haddace wannan karatu: otal ɗin da ba a korar mutum daga banɗakinsa, lungun da za ka shimfiɗa kwali ka yi azahar ba tare da an manna wa motarka takardar tara ba, shagon da ke ba da ruwan zafi cikin hunturu. Ɗan Kawu na fari, wanda Hausa ke shiga kunnensa amma ba ta fita ta bakinsa, yana tsaye a ƙofa yana amsa kowace magana da kalma ɗayar da ya riƙe. "Amin, amin," yake cewa, ko da an tambaye shi ina za a ajiye takalmi.

Ni kuwa na kasa zama. In na zauna minti biyar sai in miƙe in wanke kofunan da aka riga aka wanke, in sauka ƙasa in duba ko an kawo ruwa, in hau, in sake sauka. Matan suka riƙa cewa a ƙyale ni, ai ni ce 'yar gaban goshinsa, dole abin ya fi taɓa ni. Duk wadda ta faɗi haka sai in ji kamar ta mintsine ni. Gaskiya ne, ni ce 'yar gaban goshin. Amma akwai shekara guda da wata biyu da Kawu ya yi yana gaishe ni kamar baƙuwa. Ni na jawo, kuma rabin mazan da ke falon nan sun san dalili, kara kawai suke yi mini. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. In za a tuna da Kawu, ina so a tuna da shi har da abin da na yi masa da abin da ya mayar mini.

Yayan mahaifiyata ne. Ya bar Kano ina goye, shi ya ɗauko ni bayan na gama sakandare, a gidansa na zauna har na gama karatun aikin ido na sami wurin aiki a Flatbush, cikin Brooklyn. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bakinsa bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. In na shigo falo sai ya miƙe da gangan, ya kakkaɓe kujerar da ya tashi a kai, ya ce, "Bismillah, Uwata, a zauna, kada a yi mini baki." Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, mai saurin fushi da saurin hucewa, ba ya cin abinci a zaune in yana da abin faɗa. Ya tsani a ce masa "wai". In ka kawo masa magana da wai sai ya ce, "Shi wai ɗin ba shi da ƙafa ne? Ya zo da kansa."

Abin da ya fi ba baƙi mamaki game da shi shi ne ƙwallon Amurka. Tsaransa duk ƙwallon ƙafar Turai suke kallo, shi kaɗai ya kauce. Da kunne ya koye ta, a rediyon mota, shekara da shekaru yana sauraren masu sharhi suna ta ihu tsakanin wannan fasinja da wancan, kafin ya taɓa zama ya kalle ta a talabijin. Ga wanda bai san wasan ba: ƙwallon kamar gwanda take, da hannu ake ɗaukarta, kuma ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma gaba. A cikin 'yan wasan akwai wanda aikinsa shi ne a danƙa masa ƙwallon a ciki, ya sunkuyar da kai ya kutsa cikin ƙartin da ke jiran su danne shi. Masu wasan suna ce masa running back. Kawu ɗan dako yake ce masa, kuma ba raini ba ne, don shi ma ya yi dako a kasuwar Kwari yana saurayi, ya san abin da ake ji in an ɗora wa mutum kaya aka ce ya ratsa cunkoso.

Lahadi da rana ba ya fita aiki ko da me ake ciki. Zai cika fulas da shayi, ya ajiye goro ɗaya a kan hannun kujera, ya ja teburin tsakar falo gefe kamar shi ma zai buƙaci fili. Da an miƙa wa ɗan dako ƙwallo sai ya ce "Bismillah!" ya ɗan ɗago daga kujera. In aka kayar da mutumin bayan ɗan taku kaɗan, ni in yi tsaki, shi kuwa ya ce, "Yadi uku ma tafiya ce, Uwata." Inna ta ce wannan maganar ta ishe ta, don haka ya faɗa ranar da ɗansu ya sha da ƙyar a jarrabawa, haka ya faɗa ranar da ta yi wata guda tana rage cin tuwo sikeli bai motsa ba. Bai taɓa yi wa ƙungiyarsa addu'ar nasara ba, yana ganin rashin kunya ne a tunkari Allah da maganar ƙwallo. Iyakarsa ya ce Allah ya sa a tashi lafiya, mu da su.

Yana kuma buga waya gidan rediyon wasanni. Sai ya sami wuri ya faka, ya kashe fitilar saman mota, ya zauna minti arba'in yana jiran layi don ya yi maganar minti ɗaya. Masu shirin sun san muryarsa, suna ce masa direban Bronx. Sau da yawa ina tsakiyar goge gilashi a wurin aiki sai in ji Turancin Kawu, da Kananci a kwance a cikinsa, yana koya wa mutanen da aka haifa cikin wasan yadda ake wasan.

Akwai ɗan dako ɗaya da Kawu ya ɗauka kamar ɗan cikinsa. Shekara tara yana ɗaukar wa ƙungiyarmu kaya. Masu wannan aiki da wuri suke tsufa, saboda duka suke sha kowane mako, kuma shi ya haura talatin. Kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen kakar wasa, gari ya rabu biyu: a sabunta masa ko a sallame shi. A kan wannan muka yi faɗa ni da Kawu wata Lahadi cikin Fabrairu, babu ma wasan da ake yi, dusar ƙanƙara na zuba a waje.

Na ce, "Kawu, ƙafarsa ta ƙare. Bana sau nawa aka kamo shi ta baya?"

Ya ce, "Ke ƙafa kike kallo. Ni ido nake kallo. Yaron nan yana ganin ƙofa tun kafin ta buɗe."

"Yana ganinta, amma kafin ya isa an rufe."

Ya miƙe da kwanon abinci a hannu. "Su sababbin naku fa? Gudu kamar barewa, kai babu komai. Wa zai tsaya ya tare wa mai jefa ƙwallo ƙato in an taso masa? Wa zai nuna wa yaran inda ake sa kafaɗa? Shekara tara mutum yana ba ku jikinsa, gwiwa biyu an yanka, yanzu shekara ɗaya tak ta gagare ku?"

Ni kuma da bakina mai kaifi, ga waya a hannu ina ta jero masa lissafin da masana suka yi, na ce, "Kawu, ƙungiya ce fa, ba gidan gajiyayyu ba. In mutum ya daina iyawa sai ya ba wasu wuri."

Inna ta yi tari daga kicin, irin tarin da ba na mura ba. Kawu ya dube ni, ya koma ya zauna, ya ci abincinsa a zaune har ya cinye. A lokacin na ɗauka na ci gardama ne, har na tafi gida ina jin daɗi.

Bayan kamar mako biyu, ranar wata Alhamis, sai ga shi a wurin aikina, da ƙunshin kilishi a hannu ɗaya da takarda a ɗayan. Shekara nawa ina roƙonsa ya zo in duba idonsa yana cewa idonsa ya fi nawa. Lokacin sabunta lasisinsa ne ya zo, kuma dole sai mai aikin ido ya gwada shi ya sa hannu. Na zaunar da shi, na haska haruffa a bango. Ya karanto su tiryan-tiryan har layin ƙasa, da sauri kamar mai biya hadda. Saurin ne ya tona shi. Ashe yana zaune a wurin jira ya leƙa ta ƙofa ya haddace su daga bakin wanda ya riga shi. Na sauya haruffan. Ya gyara zama, ya ce wannan fitilar tamu ba ta da kyau.

Daga nan na sa kansa a na'urar da ke auna ganin gefe, na ba shi maɓalli, na ce duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna. Hasken ya yi ta walƙawa dama da hagu, Kawu na zaune bai motsa ba. Can da ya ji shirun ya yi yawa sai ya shiga dannawa barkatai. Ina tsaye a bayansa ina kallon sakamakon yana fitowa baƙi ƙirin ta kowane gefe. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa a ɓoye, ya bar masa 'yar tsakiya kawai, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Nan take na tuna ƙarcen da ke gefen dama na motarsa, wanda kullum yake ɗora wa masu keke.

Ya ciro kansa yana murza ido. "Yaya, Uwata?"

Na ce, "Kawu, sai na sake duba sakamakon a nutse. Zan kira ka."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ajiye takardar a kan teburina, ya ɗora kilishin a kai, ya ce a gaida mutanen gida, ya fita.

Kwana goma sha biyu takardar nan tana cikin jakata. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, sau ɗaya na cire murfin biro. Amma na san ba zan sa hannu ba, don mutumin da ba ya ganin gefensa yana tuƙi a Manhattan, yau ko gobe zai hau kan ɗan wani. Na rubuta maganin ɗigawa na kai wa Inna a ɓoye, na ce ta ce na gajiyar ido ne. Duk jiniyar da ta wuce ta gaban wurin aikinmu sai gabana ya faɗi. Ina ɗaukar waya in ajiye. Na hau jirgin ƙasa na layin D har sau biyu da niyyar zuwa in faɗa masa, sau biyun ina sauka a tashar da ke kafin tasu in tsallaka in kamo mai komawa.

Ana cikin haka ƙungiya ta sallami ɗan dakon. Ba a kira shi ba. A wayarsa ya gani, kamar kowa, yana wurin motsa jiki. Da yammacin ranar na ji muryar Kawu a rediyon wurin aiki, tana rawa don fushi. Ya ce shi bai ce dole a riƙe mutum har abada ba, kowa da ranarsa. Amma wanda ya yi maka shekara tara, ka kira shi ofis, ka rufe ƙofa, ka zaunar da shi, ka dube shi ka faɗa masa da bakinka. Ya ce abin da ya rage wa mutum ke nan in ƙarfinsa ya tafi. Na ji wannan da kunnena, ina riƙe da gilashin wata mata. Kuma a yammacin nan na buga wa aminin Kawu waya.

In kare kaina kaɗan, ko da ba zai wanke ni ba. A gidanmu ba a yi mini tarbiyyar da zan tsaya gaban babba in ce masa ya gaza ba. Magana mai nauyi in za ta hau sama, babba ake nema ya kai ta ga babba, ita ce ladabi, haka na ga ana yi tun ina ƙarama. Ni da nake duban idon mutum talatin a rana, ban taɓa duban tsakiyar idon Kawu ba sai da na'ura a tsakaninmu. Don haka na nemi Baban Kumasi, amininsa tun zuwansu ƙasar nan, mutumin zangon Kumasi mai faɗin murya da kyakkyawar zuciya. Na yi masa bayani, na roƙe shi ya je shi kaɗai, ya lallaba. Ya ce, "Ɗiyata, kar ki damu. Wannan magana ya zama nawa. Ni zan gyara shi."

Abin da na manta shi ne, shi ma Baban Kumasi da tasa tarbiyyar. A wurinsu magana irin wannan ba ta tafiya a bakin mutum ɗaya. Ya je ya sami liman. Liman ya ce ya kamata a haɗa da dattawa biyu na direbobi, don su suka san zafin barin mota. Ranar Juma'a bayan an sauko, mutum huɗu cikin manyan riguna suka hau hawa na huɗu suka ƙwanƙwasa ƙofa.

Inna ce ta ba ni labarin daga baya, tana yi tana juya zoben hannunta. Ta ce da Kawu ya buɗe ya gan su a jere, fuska a sunkuye, sai ya riƙe ƙofar da hannu biyu. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wace ce? Ƙanwata ce?" Ya ɗauka mahaifiyata ce ta rasu a Kano, don ba a yin irin wannan zuwa sai da labarin mutuwa. Suka ce a'a, kowa lafiya. Aka zauna, aka gaisa, aka sake gaisawa. Liman ya ɗauko magana tun daga nesa, ni'imar lafiya, da yadda komai aro ne, da ladan haƙuri. Kawu na zaune yana raba ido. Sai da Baban Kumasi ya gaji ya fasa ta: ido ya lalace, likita ta ce mota ta ƙare.

Kawu ya ce, "Wace likita?"

Suka dubi juna.

Ya ce, "Ita ta aiko ku?"

Baban Kumasi ya ce ita ce, kuma don ladabi ta yi.

Inna ta ce bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Ya sa ta kawo shayi, ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ya raka su har bakin lifta. Washegari ya mayar da motar gareji ya dawo a bas. Kafin Lahadi babu direban da bai ji ba. Suka riƙa zuwa yi masa sannu, biyu-biyu, uku-uku, suna zama a falon nan suna sunkuyar da kai, mutum da ransa ana yi masa zaman jaje. Wani ma ya kama hannunsa zai tsallakar da shi titi a ƙofar masallaci, Kawu ya fizge har hularsa ta faɗi. Baƙon da ban sani ba in ya zo wurina, ina rufe ƙofa in faɗa masa ciwonsa shi kaɗai, doka ma ta hana ni gaya wa wani. Kawuna kuwa na bar shi ya ji nasa a gaban mutum huɗu.

Lahadin da ta biyo na je gidan. Bai miƙe ba, bai kakkaɓe kujera ba. Ya ce, "A'a, Likita ce? Sannu da zuwa. Ya aiki? Ya mutanen Brooklyn? Madalla." Gaisuwa cikakkiya, babu abin da ya rage a cikinta, irin wadda ake yi wa surukin da ba a saba da shi ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Na zauna a bakin kujera muka yi maganar sanyi da tsadar haya, na tashi na tafi.

Haka muka yi ta yi. Kaka ta zagayo, aka koma wasa, in na zo Lahadi sai in tarar da talabijin a kashe da ƙyalle a kansa. Ya ce wasan ya daina yi masa daɗi. Inna ta raɗa mini cewa da na fita yake shiga ɗaki ya kunna rediyo. Wata ƙungiya a can yamma ta ɗauki tsohon ɗan dakon na shekara guda, bai taɓuka komai ba, kafin rabin kaka yana benci. Maganata ta fito, kuma babu wanda zan faɗa wa, ba na ma son ta.

To ku ji wautar da na ƙara. Da abin ya ishe ni, sai na buga wa mahaifiyata waya a Kano, na yi mata kuka, na ce ta ba yayanta haƙuri a madadina. Ta kira shi, ta yi ta magana, ya saurare ta har ƙarshe, ya ce babu komai, ai bai riƙe ni da komai ba. Da ya ajiye wayar, in ji Inna, sai ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Ta sake aikowa."

Ina so in ce daga ƙarshe na yi ta maza na je na same shi. Ban yi ba. Ko wannan ma shi ya yi. Wata Alhamis cikin Mayu, shekara ta zagayo har da ɗoriya, mai karɓar baƙi ta leƙo ta ce wani dattijo yana jira, ba shi da alƙawari kuma ya ƙi ba da suna. Na fito na ga Kawu zaune da sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Daga Bronx ya taho shi kaɗai, jirgi biyu, bai gaya wa Inna ba. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya miƙe ya wuce ni ya shiga ɗakin gwaji, ya lalubi kujerar ya hau.

Ya ce, "Rufe ƙofa."

Na rufe.

"Auna."

"Kawu, ai an riga an..."

"Ban ji daga gare ki ba. Auna."

Na haska haruffan. Wannan karon bai yi hadda ba. Ya karanta babban na sama, ya gwada na biyu, ya ce sauran hayaƙi ne. Na sa shi a na'urar gefe, ya danna sau kaɗan, inda ya gani kawai. Da muka gama ya juyo da kujerar ya fuskance ni, ya ce in jawo tawa kusa, don in na yi nisa ko na koma gefe ɓace masa nake yi. Na jawo har gwiwata na taɓa sandarsa.

"To, faɗa mini."

Na dubi ƙasa. Ya ce, "Ba a ƙasa nake ba."

Na ɗago. Na ce, "Kawu, hawan jinin ido ne. Ya cinye gefe duka biyu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage za mu yi ƙoƙarin riƙe shi da magani. Amma ba za ka sake tuƙi ba. Ba zan sa hannu a takardar ba, ko yau ka kawo ta." Ina faɗa hawaye na zuba, ban share ba, don ya ce in dube shi.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To. Na ji. Minti nawa ya ɗauke ki?"



Ya ce, "Kina tsammani ban sani ba? Ni da nake cikin idon? Tun kafin in zo wurinki na daina hawa babbar hanya, na daina fita in rana ta yi ƙasa. In takarda nake so, garin nan cike yake da masu gwajin ido, da na bi su ɗaya bayan ɗaya har in dace da mai gaggawa. Na tsallake su duka na zo Brooklyn. Na ce in dai za a faɗa mini na gama, to bakin da zan iya ɗauka daga gare shi guda ɗaya ne."

Na durƙusa a gaban kujerar na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi, farar rigar aikina za ta yi datti, kuma ya yafe tun ranar da mutum huɗun suka sauka a lifta, jira kawai yake in zo, da ya ga ba ni da niyya ya ce bari ya kawo kansa kafin ƙasa ta rufe ɗayanmu. Sannan ya laluba ya kama hannuna. Ya ce, "Raka ni tasha. Matakalar nan ba na ganin bakinta. Ɗazu da zan sauko sai da na tsaya na yi kamar ina duba waya har mutane suka wuce." Ban taɓa jin Kawu ya ce ba ya iya wani abu ba sai ranar. Na bar marasa lafiya uku a zaune, na riƙe shi muka sauka, ina cewa sauka, sauka, saura biyu, yana cewa kada in ja shi kamar akuya.

Shekara biyu ya ƙara bayan wannan, kuma mun yi faɗa a cikinsu fiye da duk wanda muka yi a baya, yawanci a kan 'yan dako. Zuciya ce ta ɗauke shi, yana zaune bayan ya karya kumallo.

Ranar addu'ar uku ina tsaye a bakin kicin da tire a hannu, na ji liman yana roƙon Allah ya yalwata wa Kawu kabarinsa iya ganinsa. Falo ya amsa da amin. Ni na kasa, don ni na auna ganin nan, na san inda ya tsaya. Na ajiye tiren na yi tawa a zuci, ita nake maimaitawa har yau. Ya Allah, ba da ganin da na auna ba. Ka mayar masa da duk abin da ciwo ya ci, dama da hagu, sannan Ka yalwata masa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.